Farin Idon Kubra

Ya 'yan uwa, a nan garin Jos an yi wani mutum mai shagon ɗaukar hoto a unguwar Kwararafa. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye.

Gwani ne wajen gyaran hoto. Mace za ta shigo da ƙurajenta, ta fito a waya sumul kamar tangaran. Shi ya fi kowa sanin ƙarya ce, tunda da hannunsa yake yin ta. Amma ƙaryar nan ita ta cinye shi. Sai ya wuni yana bin hotunan mata a Facebook, yana tura musu saƙon da ba zai iya karantawa gaban mahaifiyarsa ba.

Yana da mata, Kubra, 'yar unguwar Gangare. A da, in ta gifta ta gabansa, ƙamshin turarenta kaɗai kan mantar da shi abin da yake faɗa. Yanzu kuwa ta ajiye masa abinci, ya ce "to" kansa a sunkuye. Ta yi lalle, bai gani ba. Ta rame, bai gani ba.

Ranar Sallah ya ɗauke ta hoto. Da ya zo gyarawa sai ya ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Ya ce matsalar haske ce. Ya mai da shi fari tas, ya ciko mata kumatu, ya ɗora a Facebook, mutane suna ta yabo. Alhali tana zaune ɗaki ɗaya da shi. Me ya hana shi ɗaga kai ya dube ta?

Sai bayan wata biyu maƙwabciyarsu Suzana ta tare shi a ƙofar gida. "Oga, ba ka ga idon madam ba? Ya yi yellow tun tuni. Ka kai shi asibiti mana!"

Likita ya ce ciwon hanta ne, kuma an makara. Kwana tara ta yi a kwance. A kwanakin nan ya zauna yana kallon fuskarta, kallon da ya hana ta shekara uku. Wallahi abin tausayi, ita ce ma take ba shi haƙuri.

Da aka share makoki, mahaifiyarta ta roƙe shi hoto ɗaya ta riƙa gani. Ya buɗe waya ya miƙa mata. Tsohuwa ta duba, ta sake dubawa, ta mayar masa.

Ta ce, "Wannan kyakkyawa ce, amma ba 'yata ba ce. Ba ka da na Kubra?"

Ba shi da shi. Na ainihin duk ya goge su. Tun ranar bai ƙara buɗe shagon ba.

Ya 'yan uwa, ta cikin waya ba ta ciwo, ba ta gajiya, kuma ba ta san da kai ba. Ta gidanka amana ce, za a tambaye ka a kanta. In ka koma yau, ajiye wayar ka dubi matarka da kyau.

Allah ya jiƙan Kubra. Mu kuma Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana idanunmu.