Sunan Wa Jatau Zai Rubuta?

Ku yi shiru. Sau ɗaya zan faɗa.

Akwai wani mutum, Jatau, mabugi ne. Daga hantsi zuwa la'asar yana gaban gungume, yana bugun shadda har ta yi ƙyalli. Da kafaɗarsa ta dama yake ci da gidansa.

Shekarar da sanƙarau ya shigo, aka ce kowa ya je rigakafi. Jatau ya je, ya tarar mai allurar Tasalla ce, gwaggon matarsa. Yaya zai tuɓe riga a gaban suruka? Sai ya ja wuyan rigar ƙasa ta wajen kafaɗar dama, ya kawar da kai. Ita ma kunya ta hana ta cewa ya cire. Ta soka allurar a ɗan wurin da ya bayyana, can sama a kan gaɓa, ba a tsoka ba.

Kwana uku, hannu ya ƙi ɗaguwa. Wata biyu, ko hula ba ya iya sawa da shi. Jatau ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je rumfar mabuga, ya ji ƙarar bugu, ya juyo gida, ya sake fita. Aka ce masa akwai kwamitin da ke biyan diyya, amma sai an kawo hoton asibiti, da katin rigakafi, da mai shaida.

'Yan'uwa suka kai shi wurin Buwai maɗori, suka ce gocewa ce, a ja hannun. Buwai ya taɓa, ya ce, "Wannan ba aikina ba ne. In na ja, na gama da shi." Ya sayar da babur ɗinsa, ya kai Jatau birni, aka ɗauki hoto, aka ga ciwon. Gari ya ɗauka cewa ɗori ya gagari Buwai, aka daina kai masa ko targaɗe.

Kati kuwa yana aljihun rigar nan, Jatau ya riga ya kyautar da ita don haushi, ga wani maroƙi mai bin kasuwanni. Nomau, abokin bugunsa tun ƙuruciya, ya ce, "Kai dai wawa ne, wa ke fushi da riga?" Ya ajiye aikinsa, ya bi maroƙin kasuwa bayan kasuwa, kwana tara, har ya cim masa. Ya dawo da katin, ya tarar an ba wani mazauninsa a rumfa.

Saura shaida. Shugaban asibitin da Tasalla ke aiki ya ce bugu ne ya cinye kafaɗar, ba allura ba, ya kuma gargaɗi ma'aikatansa su kama bakinsu. Ranar zaman kwamiti, Tasalla ta yafa gyale ta shigo ba wanda ya kira ta. Ba ta dubi surukinta ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, aikin hannuna ne. Na san inda ake yi, ba nan na yi ba." Kafin mako ya zagayo an sallame ta, shekara ɗaya ta rage mata ta yi ritaya.

Kwamiti ya yarda. Aka yi wa Jatau aiki, hannu ya ɗan saki, amma likita ya ce shi da bugu har abada. Diyyarsa injin niƙa ne. Tun da ba zai iya tayar da shi ba, aka ba shi takarda ya rubuta mutum ɗaya da zai riƙe injin, su raba abin da ya kawo. Layi ɗaya ne, suna ɗaya. In bai mayar da ita ranar Alhamis ba, inji ya koma.

Yau Laraba. Ba wanda ya roƙe shi a cikin ukun, abin da ya fi damunsa ke nan. Ya doshi gidan Buwai, ya tuna Nomau, ya juya. Ya kai ƙofar Nomau, ya tuna Tasalla. Ya nufi wajenta, kafaɗar ta soke shi, ya tsaya a tsakiyar hanya da takarda a hannun hagu.

Ba hoto, ba diyya. Ba kati, ba diyya. Ba shaida, ba diyya, ko da yake mai shaidar ita ta yi ɓarnar.

To, ga ku nan. Sunan wa za ku ce ya rubuta?