Jinin da Uwaliya Ta Ɓoye wa Ɗan Farinta

Akwai wata dattijuwa a Paki mai suna Uwaliya, a shekarun farko na samun 'yancin kai. Shekara tara ke nan da ɗaukewar al'adarta, sai rana ɗaya ta ga jini a zaninta.

Kunya ta lulluɓe ta. Mace mai jikoki, a ce ta koma al'ada kamar budurwa? Ta ja bakinta ta yi gum.

Abin haushin, ɗanta Muhammadu Lawal shi ne ma'aikacin ɗakin shan magani na garin, kuma gidansu ɗaya. Amma ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa. In ya shigo gaisuwa, kau da kai take yi ta amsa a taƙaice. To ta ina za ta fara?

Matarsa Hadijatu ce ta lura. Tsohuwa ta daina ba ta wanki, kuma sai ta yi kwanaki ba ta ɗauki butar alwala ba.

"Inna, lafiya kuwa? Na ga kin faɗa."

"Basir ne. Kada in kuskura in ji zancen nan a bakin wancan."

Ita ma Hadijatu nauyin suruka ya rufe mata baki. Ni a nan raina ya ɓaci. Mutum uku a gida, kowa na ganin girman kowa, ciwo kuma na ta cin baiwar Allah!

Sai ranar da jiri ya kayar da ita a tsakar gida. Lawal ya sa ta a motar kasuwa zuwa asibiti a Zariya.

"Tun yaushe kike ganin jinin?" in ji likita.

Ta rufe fuska da mayafi. "Damina biyu."

"Ciwon daji ne a mahaifa, kuma ya riga ya bazu. Da tun farko aka zo, da mun cire mahaifar." Ya juya ga Lawal. "Ba kai ne ka ce aikin asibiti kake yi ba?"

Lawal ya sunkuyar da kai.

"Likita, kada ka ga laifinsa," in ji Uwaliya. "Ni na ɓoye."

Ba ta kai girbin dawa ba. Har Lawal ya tsufa, in aka fara yabon tarbiyyar gidansu, tashi yake ya bar wurin.

Darasi: Jini bayan ɗaukewar al'ada ba dawowar al'ada ba ne, ko ɗigo ɗaya ne a garzaya asibiti. Kunya ado ce, amma ban da a kan ciwo. Ku tura wa iyayenku mata da yayyenku, in kuma ba sa karatu, ku daure ku karanta musu.