Ranar da Muka Ɗauke Gidajenmu Daga Kwarin Silangbato

Kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa muke cunkushe a kan wannan tsauni, gida na jingine da gida, alhali ga kwari can ƙasa shimfiɗe, ruwa na ratsa shi, amma ba kowa a ciki. To ku zauna. Sai dai ku sani, duk sanda na ɗauko labarin nan raina ɓaci yake yi, don haka kada wanda ya katse ni.

A wannan tsibiri namu na ƙasar Filifin, ƙaramar hukumar Silangbato ta fi maƙwabtanta faɗin ƙasa, ta kuma fi su ƙarancin mutane. Da ba haka take ba. Kakanninmu can suke zaune. Lokacin da suka iso, kwarin kurmi ne, ba komai sai sauro da macizai. Su suka sare shi da adda, suka haƙa magudana daga kogi, suka shekara ashirin suna fama kafin shinkafa ta karɓe su. Gidajensu irin namu ne, na gora da rufin ganye, kowanne a tsaye kan turaku saboda ambaliya.

A cikinsu mutum ɗaya ne ya yi karatun boko, Eleuterio Magsino. Maraya ne. Mutanen kwarin ne suka haɗa masa shinkafar guzuri suka tura shi makaranta a babban birnin lardi, don a samu mai karanta musu takarda.

Wata shekara gwamnati ta ce duk yankin da mutanensa suka kai dubu biyar za a ba shi ƙaramar hukumarsa, da makaranta da asibiti. Eleuterio ya ɗauki tawada ya bi gida-gida. Takarda biyu yake shimfiɗawa. Yakan ce, "Wannan ta ƙidaya ce, wannan kuma kwafinta. Ku dangwala yatsa a kowacce." Suka dangwala. Har jariran goye ya ƙirga, aka tashi da dubu biyar da ɗari biyu da sha biyu.

Bayan wata shida amsa ta zo. Aka yi kiɗa, aka gasa nama, aka naɗa shi magajin gari. Tun daga ranar ya ce a riƙa ce masa Don Eleuterio, kamar wani babban mai ƙasa. Masu awon ƙasa suka zo suka kafa duwatsun iyaka daga bakin teku zuwa kogi. Wannan tsaunin da muke kai, da yake dutse ne zalla, aka bar wa ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka.

A kwarin akwai wata mata, Aling Consorcia, kakar mahaifiyata. Kun san "Aling" muke sa wa babbar mace a gaban suna don girmamawa, babban namiji kuma "Mang". Mijinta ya rasu wajen haƙar babbar magudana, gaɓa ta rufta masa. Wata safiya tana sussukar shinkafa sai ga Don da 'yan sanda biyu.

Ya ce, "Aling Consorcia, nan za a gina ofishin hukuma. Ki tashi kafin ƙarshen wata."

Ba ta ajiye taɓarya ba. Ta kira shi da sunansa na yarinta. "Teryo, filin wa za ka gina a kai?"

"Filina."

"Sake faɗa in ji."

"Kin dangwala yatsa. Kowa ya dangwala."

Ran Lahadi bayan an fito daga coci Don ya hau kan benci ya karanta musu takarda ta biyun. Ashe ba kwafin komai ba ce. Cewa take yi duk wanda yatsansa ke jiki ya amince kwarin na Eleuterio Magsino ne, shi baƙo ne kawai a kai. Ya naɗe takardar ya ce, "Ƙasar nan tawa ce, daga teku har kogi. Mai son zama ya yi mini noma. Wanda ba ya so, ga hanya."

Ku duba fa! Yaron da suka ciyar da hannunsu!

Wurin ya kaure. Mang Tiburcio kafinta ya zare adda yana cewa yau sai ya raba kan Don da wuyansa, maza suka bi bayansa. Aling Consorcia ta sha gabansu.

Ta ce, "Mang Tiburcio, ka kashe shi yau, jibi sojoji su zo su rataye goma a cikinmu, takardar kuma tana nan. Na fi ka jin haushi, jinin mijina na cikin magudanar can. Amma ku tambayi kanku, me ya kai shi ƙofofinmu da tawada? Yawanmu ne ya ɗora shi a kujera. Hannunmu ne ke fitar da shinkafa. Ya ce ƙasa tasa ce. To, ya riƙe ƙasarsa. Gidajenmu fa, ya rubuta su?"

Mang Tiburcio ya sauke addar a hankali ya ce, "Gora nawa za mu sara?"

Kun san al'adarmu: in mutum zai ƙaura, maƙwabta kan zura dogayen gora a ƙarƙashin gidansa, su ɗaga shi a kafaɗa su kai masa. Amma ba a taɓa ɗauke gari guda ba. Litinin da sassafe suka tuge turakun gidan Aling Consorcia. Maza talatin suka ɗaga, suka nufi kogi. Rani ne, ruwa iya ƙirji. Mata na biye da tukwane da irin shuka, da kaji a kwando, da ɓaunayen noma.

Don ya tsaya a barandarsa yana dariya. "Dutse za ku ci? Yunwa za ta dawo mini da ku!"

Da ya ga gida ɗari uku sun haye, dariyar ta ƙare. Ya tare mashigin kogi da 'yan sanda, ya ce wa sajan, "Tsayar da su!" Sajan ya ɗaga kai ya dubi gidan da ke tahowa. Mahaifiyarsa ce zaune a tagar, gurguwa ce, da ita aka ɗauko gidan. Ta kafa masa ido. Ya cire hularsa ya miƙa wa Don, ya shiga ruwa ya sa kafaɗa a ƙarƙashin gora.

Wata uku ana ɗauka. Har ɗan ƙaramin ginin cocinsu ba su bari ba. Kaburbura ne kawai suka gagara. Aling Consorcia ta wuni a kan na mijinta, sannan ta haye, ba ta sake taka kwarin ba.

Kada ku ɗauka daɗi suka tarar a nan. Shinkafa ta ƙi dutse. Rogo da dankali suka ci, wani lokaci ganye. Da damina guguwa ta kwashe rufin rabin gari. Mutum sittin da bakwai aka binne a shekarar farko, yawancinsu yara. A cikinsu har da Pilar, autar Aling Consorcia, 'yar shekara huɗu.

A can ƙasa kuwa ciyawa ta cinye gonaki, magudana ta toshe. Sai ga Don ya hawo tsaunin nan da ƙafarsa, yana haki. Ya sami Aling Consorcia tana fasa dutse don yin kunyar shuka.

Ya ce, "Aling, ya isa haka. Yaranku na mutuwa. Ku dawo, ba wanda zan kora."

Ta ce, "Ka zo da takardar?"

"Tana aljihuna."

"Yaga ta a nan, gaban mutane. Gobe mu sauka."

Ya taɓa aljihun. Can ya ce, "Ba sai an yaga ba. Ku zauna kyauta muddin ina raye."

Ta jefar da gudumar, saura kaɗan ta sauka a ƙafarsa. "Na binne miji a ƙasa, na binne 'ya a sama, ka zo kana mini kyauta da abin da na haƙa da farcena? Sauka, Teryo! Sauka kafin in saki Mang Tiburcio!"

A ranar kowane magidanci ya ɗora hannu a ƙofar coci ya rantse: muddin takardar nan na duniya, ba mai kafa turken gida a kwarin, shi ko 'ya'yansa.

Da masu ƙidaya suka dawo, mutum arba'in da uku suka samu a Silangbato, har da Don da masu yi masa girki. Ya ɗauko 'yan ƙwadago daga wasu tsibirai, amma ba wanda ya shekara biyu. Ya tsufa yana mulkin ofis da ciyawa. Ya mutu bai yaga takardar ba, tana hannun jikokinsa a Manila.

To, shi ya sa har wa yau kwarin ke kwance ba hayaƙin girki, mu kuma muke nan a matse, muna hawa da ruwa a ka. Na ji iyayenku na ƙus-ƙus, wai jikokin sun aiko za su ba da filaye haya da araha. Ku je ku gaya musu abin da na ce: duk mai son sauka ya bari sai an binne ni, kuma a nan sama.