Muryar Kyauta ta Dare Ɗaya

Ku matso kusa, na yau ba na dariya ba ne. In na gama, ku za ku yanke hukunci.

A wani ƙauye kusa da Malumfashi an yi wata marainiya, Kyauta, wadda in ta ɗaga murya a coci har masu wucewa sai sun tsaya. Wani baƙo ya ji ta, ya ce wannan murya ta opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, kuma a Legas ake koyonsa.

Dangi suka ce 'yarsu ba za ta hau dandamali ba. Yayanta Barau, wanda ya rene ta, shi kaɗai ya tsaya mata. Ya kai ta Legas da kansa, ya dawo ya tarar ko gaisuwarsa baffanninsa ba sa amsawa. Haka ya zauna saniyar ware, bai kuma taɓa jin irin waƙar da aka tsane shi dominta ba.

A can ta faɗa hannun Malam Istifanus, tsohon mawaƙin da muryarsa ta daɗe da dushewa. Shi ya koya mata jan numfashi daga ciki, da furta Italiyanci, da cika zaure ba tare da lasifika ba. Sau da yawa ta yi kuka ta haɗa kayanta, yakan tare ƙofa ya ce, "Koma ki sake, 'yata."

Akwai kuma Morenike, abokiyar karatunta. Ranar da za a zaɓi jarumar wasan farko, zazzaɓi ya kwantar da Kyauta, aka ba Morenike matsayin. Da Kyauta ta warke, Morenike ta je ta ce a mayar wa mai shi, Kyauta ta fi ta dacewa. Da wannan wasan sunan Kyauta ya fita.

Ba ta shekara tana cin moriyarsa ba, maƙogwaro ya fara yi mata zafi. Likita ya ce ƙari ne, dole a yi aiki cikin mako guda, kuma bayan aikin magana za ta yi, waƙa kuwa sai dai ta ji a bakin wasu.

"Kafin nan fa?" in ji Kyauta.

"Sau ɗaya, in kin matsa. Na biyu ba zai fito ba."

Ta fito ta zauna a bakin titi, ko kukan ma tana tsoron yi, kada ya cinye abin da ya rage.

A makon nan Morenike za ta tsaya gaban alƙalan da suka zo daga Turai ɗaukar mawaƙa, da waƙar mutum biyu wadda da Kyauta kaɗai ta gwada ta. In babu ita, damar ta wuce. Malam Istifanus yana kwance a garinsu, Kafanchan, rai a hannun Allah, yana cewa a kira masa ita ya ji aikin hannunsa kafin ya tafi. Barau kuwa, bayan shekaru yana lallashi, ya shawo kan baffanni sun yarda su zauna su saurare ta ranar Lahadi. In ba ta zo ba, ya zama maƙaryaci har abada.

Kyauta ta dafa wuyanta. Duk wanda ta zaɓa, biyu za su tafi da ciwonta.

To, jama'a, cikin ukun nan wa ya fi cancanta ta ba shi wannan waƙa?