Ƙofar da Baba Mai Koyil Ya Rufe

Akwai wani mai naɗin koyil da ya shafe shekara ashirin da shida a wata masana'antar saƙa buhuna. A gaban idonsa ana ce masa Baba Mai Koyil. Da ya ba da baya kuwa, sai a koma kiransa Rufe-Ƙofa. Ku gyara zama, jama'ar wannan shafi, ku ji inda sunan ya samo asali.

Aikinsa shi ne in injin lantarki ya ƙone, ya buɗe cikinsa, ya cire tsohuwar wayar jan ƙarfe, ya naɗa sabuwa. Sai ka san kaurin wayar, da yawan zagayen da za ta yi a kowane rami, da yadda ake haɗa bakunanta. Ka kuskure ɗaya, inji ya tashi da hayaƙi. Maganar gaskiya, Allah ya ba mutumin nan hannu. Duk yankin babu na biyunsa, kuma ya san da haka.

Sai dai yana da wata ɗabi'a. Duk ranar da za a ƙirga zagayen waya, sai ya kori kowa daga ɗakin aikinsa ya danna sakata. Ba ya rubuta komai, a kansa yake ajiyewa. Tsohuwar wayar da ya cire kuma ba ta wuni a ɗakin. Yana gamawa zai daddatse ta, ya kira mai sayen tsoffin ƙarafa ya kwashe, don kada wani ya zo ya ƙirga a bayansa.

Kada mu zalunce shi, yana da dalilinsa. Yana saurayi ya ga yadda aka yi wa maigidansa. Tsohon ya koya masa aiki tsaf, sai kamfani ya sallami tsoho ya riƙe shi. Tun daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa shi ba za a yi masa haka ba.

A masana'antar akwai wani ƙaton inji da ma'aikata ke kira Tsohuwa. Ita ke juya na'urar da ke narka roba tana fitar da zaren buhu. In ta tsaya, kowa ya tsaya, mutum tamanin da ɗoriya, har da ƙanen Baba da ke ɓangaren saƙa. Kowane inji yana zuwa da ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da bayaninsa. Na Tsohuwa, Baba ya ɓamɓare shi tun shekarun baya ya jefa a kwata. Ba wanda ya gani.

Wata rana Manaja ya kira shi ofis. Ya tarar da wani baƙo mai tabarau, aka ce shi ne shugaban cibiyar koyon sana'a ta yankin.

"Baba, zauna," in ji Manaja. "Ka ga halin da ake ciki. Masana'antu bakwai ne a yankin nan, mai naɗin koyil na ƙwarai kai kaɗai ne. Matasa kuma ga su nan suna zaman kashe wando. Shi ne muka haɗa kai da cibiya. Su za su koya musu karatun, mu kuma mu ba su wurin gwada hannu. Za a turo maka mutum huɗu, wata shida."

Shugaban cibiya ya ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, kai ne zakaran gwajinmu. In naka suka fito da kyau, sauran kamfanonin za su sa hannu."

Baba ya washe baki ya ce, "Ai ba komai, aikin lada ne." A zuci kuwa cewa ya yi, wato an fara haƙa mini rami ke nan.

Ranar Litinin ɗaliban suka iso, maza uku da mace ɗaya. Macen ta haura talatin, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, ta ce gara ta koyi abin da za ta riƙe su da shi. Kullum da littafi a hannunta da biro a saƙale a aljihun rigar aiki, don a cibiya an koya musu cewa kafin ka yanke waya, ka rubuta abin da ka gani. Baba na ganin littafin ya sa mata suna Sakatariya.

Wata na farko shara suka yi. Na biyu wanke ƙarafa da goge tsatsa. In inji ya shigo, za su sauke shi, su kwance kusoshi, su ɗaga murfi. Da an zo wurin ƙirga sai Baba ya dubi agogo.

"Ku je ku sha iska, zan kira ku."

Su fita, su ji ƙarar sakata.

A wata na huɗu Sakatariya ta gaji. Aka ce a fita, ta tsaya.

"Baba, don Allah ka bar ni na ga ƙirgan nan ko sau ɗaya ne. Ba zan taɓa komai ba, rubutawa kawai zan yi."

"Ki rubuta ki kai wa wa?"

"Ba kowa, Baba. Saboda gaba. Ai kan mutum yakan manta."

Baba ya ja tsaki. Ya karɓi littafin daga hannunta, ya yagi shafi biyu, ya goge baƙin man da ke yatsunsa da su, ya miƙa mata sauran.

"Ga amfanin littafinki nan. Ni kaina bai taɓa mantuwa ba. Fita."

Ta sunkuya ta tsince takardun, idonta ya ciko, ta fita.

Maganar ta kai kunnen ƙanensa. Lokacin hutun rana ya same shi a gindin katanga.

"Yaya, wannan abin bai yi ba. Baiwar Allah da marayu, ka wulaƙanta ta haka? Kai fa kullum girma kake yi."

"In na koya musu, wa zai riƙe ni a nan?" in ji Baba. "Kai ma da kake wannan wa'azin, da alfarmar wa aka ɗauke ka aiki? Je ka ci gaba da saƙarka."

Da wata shida suka cika, aka yi taro a cibiya. Manajojin kamfanoni bakwai suka hallara, kowa na jiran bakin Baba. Ya miƙe ya gyara murya.

"Ni dai na yi iya ƙoƙarina, Allah ya gani. Amma yaran yanzu ba su da kai. Wata shida, ko ƙirga zagaye ɗaya ba wanda ya iya. In kuna musu, ku gwada su."

Aka gwada su, ba su iya ba. To ta yaya za su iya abin da ba su taɓa gani ba? Sakatariya ta ɗaga hannu za ta yi magana, aka ce lokaci ya ƙure. Wa zai saurari ɗaliba a kan gwanin shekara ashirin da shida? Manajoji suka tattara takardunsu, kowa ya janye. Kafin shekara ta zagayo, cibiya ta rufe ajin naɗin koyil. Mazan uku suka watse, ɗaya ya koma tuƙin haya. Sakatariya ta kwashi 'ya'yanta ta bar yankin. Baba kuwa ya koma ɗakinsa da sakatarsa, hankali kwance.

Bayan shekara huɗu hawan jini ya kwantar da shi na sati uku. Ya tashi, ya dawo aiki, amma matarsa ta lura yakan tambayi abu sau biyu. Ta ce, "Malam, ka gaya wa likita mana." Ya ce ta daina yi masa mugun fata.

Ana cikin haka, masana'anta ta samu babban aikin da ba ta taɓa samun irinsa ba, buhunan wani kamfanin taki, da sharaɗin a kai cikin wata ɗaya. A kwana na biyar, da hantsi, Tsohuwa ta yi wani gurnani ta tsaya. Warin ƙonewar waya ya cika ko'ina.

Manaja ya zo da gudu. Baba ya ɗaga masa hannu. "Kwantar da hankalinka. Sau uku ina naɗa ta. Na san cikinta fiye da ɗakin kwanana."

Ya sa aka shigar da ita, ya danna sakata. Saboda ya yarda da kansa, bai ma tsaya ƙirgawa ba. Ya sa almakashin ƙarfe ya daddatse wayar, ya fincike ta daga ramuka. Kafin azahar mai sayen ƙarafa ya zo ya kwashe kamar kullum.

Washegari ya ɗauko sabuwar waya ya zauna. Ya buɗe baki zai faɗi lambar zagayen kamar yadda ya saba, sai ya ji wayam. Sha huɗu ne? Sha shida? A'a, wannan na ƙaramin injin famfo ne. Ya rufe ido ya dafe kai. Gumi ya karyo masa. Ya duba ƙasa ko zai ga guntun da zai ƙirga, ya tarar shi da kansa ya share ɗakin fes. Ya kai hannu inda farantin bayani yake a da, ya taɓa ramukan kusoshi guda huɗu.

Da a lokacin ya buɗe ƙofa ya ce na manta, da wataƙila an samu mafita. Amma girman kai ya hana shi. Ya zaɓi sha shida, ya naɗa. Kwana tara ya yi a kai.

Ranar gwaji ma'aikata duk suka taru. Aka kunna. Tsohuwa ta juya, har wasu sun fara tafi. Minti uku ba su cika ba ta fara rawa, ta yi ƙara, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Kafin a kashe wuta cikinta ya yi jawur. Baba ya tsaya tsuru-tsuru, kowa na kallonsa.

Manaja ya buga waya duk inda ya sani. Kamfanoni shida na maƙwabta kowa amsarsa ɗaya: ai mu ma Baba muke kawo wa. Daga ƙarshe shugaban cibiya ya ba shi wata lamba. Ashe Sakatariya ta samu wani dattijo a wani yanki ya ƙarasa koya mata, yanzu tana da shagonta da mutum biyar a ƙarƙashinta.

Ta yi tafiyar wuni guda ta zo. Ta gaishe da Baba har da rusunawa. Sannan ta ciro littafi.

"Baba, ina tsohuwar wayar? Na ƙirga."

Ya ce a hankali, "An kwashe."

"To, farantin bayanin fa?"

Manaja ya dube shi, ƙanensa ya dube shi. Da ƙyar ya ce, "Ni na cire shi. Tuntuni."

Ta leƙa cikin injin da tocila, ta shafa ƙarfen, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙe ta rufe littafin.

"Da tun ƙonewar farko aka kira ni, zan iya auna ƙarfen na fitar da lissafin, ko da zai ɗauki kwanaki. Amma ƙonewa ta biyun nan ta cinye ƙarfen kansa. Ko an naɗa ba za ta riƙe ba." Ta juya wurinsa. "Baba, layi uku ne kawai a takarda. Su na roƙe ka a wancan lokacin."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo.

Sabon inji sai bayan wata biyar zai iso. Kamfanin taki bai jira ba, ya kai aikinsa wani wuri. Masu masana'anta suka ce ba za su iya riƙe mutum tamanin ba aiki, aka liƙa sanarwa a bakin ƙofa.

Ranar da ake fita da kaya, ƙanensa ya tare shi riƙe da takardar sallama.

"Yaya, ka ce kana tsare aikinka ne. To ga shi ka tsare. Ni me zan je na ce wa yara bakwai?"

Ya wuce bai jira amsa ba. Har yau in sun haɗu, gaisuwa ce kawai ta fatar baki.

Bayan wata biyu Baba ya sa rigarsa mai kyau ya nufi cibiya. Ya ce wa shugaban ya zo ne ya koyar, kyauta, ko mutum nawa ne. Shugaban ya ɗauki makulli ya kai shi ɗakin da a da yake ajin naɗin koyil. Karyayyun kujeru ne a jibge har rufi.

"Malamin ajin ya tafi, kayan aikin an raba wa wasu azuzuwa," in ji shugaban. "Kamfanonin kuma na koma musu sau biyu, kowa sai ya ce ai Baba ya ce yaran ba su da kai. Wa za ka koya wa?"

Baba ya fito ya zauna a bencin maigadi. Yana zaune yana kallon titi, sai lambar ta faɗo masa, tsaf, da kaurin wayar da yadda ake haɗa bakunan.

"Sha takwas," ya ce da ƙarfi. "Sha takwas ne!"

Maigadi ya waiwayo. "Na'am, Baba? Sha takwas ɗin me?"

Baba ya dube shi, hawaye na bin gemunsa. "Ba komai, ɗana. Babu mai buƙatarta yanzu."

Darasi: Ilimin da ka kulle a kanka ba tsaro ba ne, domin kai yana gajiya, jiki yana tsufa, kuma ranar da za ka manta ba kai kaɗai za ka faɗi ba. In Allah ya ba ka sana'a, ka buɗe ƙofa, ka koyar, ka bari a rubuta. Ku kuma masu kamfanoni, kada ku jingina abincin mutum tamanin a kan mutum ɗaya, kuma kafin ku ce matasa ba su da kai, ku tambaya ko an taɓa nuna musu. Ku tura wannan labari ga duk mai sana'ar da kuka san har yanzu yana korar masu koyo in an zo wurin da ya fi muhimmanci.