Likitar Kemis Da Saƙon Da Aka Goge

Akwai wata yarinya 'yar Gwiwa mai suna Kellu, wadda ba ta da buri sai karatun likitanci. Shekarar farko makinta bai kai ba. Maimakon zaman gida, sai ta kama aiki a kemis ɗin wani Alhaji Lado a Kazaure, tana kwana gidan gwaggonta. In ciniki ya lafa ta buɗe littafi, in mai saye ya shigo ta rufe.

Kun san halinmu, duk wanda ya sa farar riga a kemis sunansa Likita. Haka kowa ke kiranta, ita kuwa sunan nauyi yake mata. Wata rana aka shigo da jariri yana shiɗewa, uwar tana kuka tana cewa Likita ki taimaka. Abin da Kellu ta iya kawai shi ne tare musu ɗan acaɓa zuwa asibiti.

Da za ta sake rajistar jarrabawa ba ta da waya, sai ta sa lambar Alhaji, don uba ta ɗauke shi. Ta zauna jarrabawa, maki ya yi kyau. Saura jami'a ta turo ranar tantancewa.

Saƙo ya shigo wayar Alhaji ranar Litinin, cewa tantancewa Alhamis. Bawan Allah nan ya karanta, ya tuna yadda mata ke cika masa shago saboda haƙurin yarinyar, ya sa yatsa ya goge. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe shi ta tambayi saƙo, shi kuma ya ce shiru. Wallahi duk sanda na tuna wannan wurin raina ɓaci yake. 'Yar mutane ta ba ka amana, ka dubi idonta ka yi mata ƙarya!

Ranar Laraba da la'asar Ikilima, ƙawarta daga Roni wadda suka nemi jami'a ɗaya, ta shigo sayen maganin amai, don mota na juya mata ciki. Tana karɓa ta ce, “Ke motar ƙarfe nawa za ki bi gobe?”

A nan Kellu ta gane. Ta juya wajen Alhaji.

“Baba Alhaji, saƙon bai shigo ba?”

Ko kunya bai ji ba. “Ya shigo, na goge. Duk Kazaure Likita ake ce miki. Me za ki je nema shekara shida?”

Kellu ta cire farar rigar, ta ninke, ta ajiye a kan teburin shago. “Baba, ranar jaririn nan ma Likita aka ce mini. Me na iya yi masa?”

Ya ce in ta fita kar ta dawo. Ta fita. Washegari da safe ta bi Ikilima.

Bayan wata biyu wani saƙon ya shigo wannan wayar dai, tana caji a shagon Daudu tela, maƙwabcinsa, wanda abin ya faru a kan idonsa. Daudu ya hango sunan Kellu, ya fito bakin titi ya karanta da ƙarfi: an ɗauke ta likitanci. Sannan ya miƙa wa Alhaji wayar a gaban jama'a.

“Alhaji, ga shi. Wannan ma a goge.”

Tun ranar sunansa ya koma Alhaji Na-goge. Ya nemi wata mai aiki har Babura, babu uban da ya ba shi 'yarsa. Farar rigar tana nan rataye a ƙusa, shi kaɗai yake tsayuwa a shagon.

Darasi: In yaron wani yana aiki a ƙarƙashinka kafin ya wuce karatu, amana ce aka ba ka, kada ka tare masa gaba don shagonka ya cika. Ku kuma ɗalibai, ku yi rajista da layin da ke hannunku. Ku tura wa iyaye da masu shaguna wannan labari, wataƙila akwai wata Kellu da ke jiran saƙo yanzu haka.