Ɗan Majalisar Da Ya Iso Harlow Shi Kaɗai

Akwai wani mutum a jiharmu ta Indiya­na, tun zamanin da ake tafiya a kan doki, sunansa Lemuel Haskett. Da koyarwa ya fara, ya koma lauya, daga nan jama'a suka tura shi majalisa a Washington har sau biyu. Allah Ya ba shi baki, amma bai ba shi zama ba. Ko a coci agogon aljihunsa yake dubawa.

Da zaɓe na uku ya matso, sai wani manomi mai suna Orrin Pruett ya fito neman kujerar. Al'adarmu kuwa, 'yan takara tare suke zagaya ƙauyuka. Gida ɗaya suke sauka, kututture ɗaya suke hawa, wannan ya yi magana wancan ya ba shi amsa.

Haskett ya tsani tafiyar nan, don Pruett ba ya sauri.

"Orrin, dokin nan naka tafiya yake ko addu'a?"

"Ranka ya daɗe, kujerar ba ta da ƙafa. Za ta jira mu."

Saura garin Harlow kaɗai, kuma kowa ya san wanda Harlow ta zaɓa shi ne da kujera. A hanya suka tarar rafi ya cika. Wajen haurawa dokin Pruett ya zame, ya danne masa ƙafa a kan dutse. Haskett ya ja shi bakin gaɓa, ya duba agogo, ya dubi hanya.

"Sannu. Yi haƙuri nan, yanzu zan turo maka mutane."

Yana tafe yana saƙa da warwara. In ya faɗa, za a ɗage taro. In ya yi shiru, filin nasa ne shi kaɗai. Ya ce a ransa, in na gama jawabi sai in faɗa.

Da ya isa Harlow ya tarar an gasa bijimi, mata sun jera burodin masara. Ya haye kututture. Bai buɗe baki ba sai Inna Dorcas, tsohuwar da ke sauke 'yan takara, ta ɗaga murya.

"Lemuel, ina abokin faɗan naka?"

"Yana tafe, Inna."

"To sauko. Kwano biyu na ajiye, kuma ba ma jin bakin mutum ɗaya."

Aka yi dariya. Ya sauko. Ya kasa zama, ya kasa cin abinci. Ya je bakin hanya ya dawo, ya buɗe agogo ya rufe. Sau da yawa maganar ta zo masa baki, sai ya ga ai ya makara, in ya faɗa yanzu za a ce me ya hana shi tun ɗazu.

Da la'asar sai ga keken shanu na wani mai niƙa, Pruett kwance a ciki, ƙafa ta kumbura, leɓe ya bushe. Jama'a suka yi kansa.

"Subhanallahi! Orrin, kai kaɗai aka bari?" in ji Inna Dorcas.

Pruett bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "A'a, Inna. Lemuel ya fitar da ni daga ruwa. Ya ce zai turo mutane."

Jama'a suka waiwaya. Tun hantsi Haskett yake cikinsu.

Inna Dorcas ta dube shi a hankali. "Ɗana, mutum ɗaya ka bari a bakin rafin nan kusa, ka mance. Mu da za ka bari ka tafi Washington fa?"

Ba a yi jawabi ran nan ba. Harlow ta zaɓi Pruett, Haskett bai sake ganin majalisa ba.

Darasi: Duk saurin da zai sa ka tsallake ɗan'uwanka yana kwance, ba ci gaba ba ne. Allah Yana gani, mutane ma ba makafi ba ne. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai rage gudu.